Sawun Ƙafar Hagu a Babi na Tara

Asama'u matata ce, kuma ita ce ta rubuta littafin nan mai suna Gidan Bayan Rijiya, wanda ya fito a farkon 1996. Tun da ya fito mutane ke tare ni a ofis da bakin masallaci suna tambaya, yaushe mace mai 'ya'ya biyar ta sami lokacin rubuta littafi? Wasu ma sun ɗauka ni na rubuta na sa sunanta. Ban rubuta ko layi ɗaya ba. Aikina bugawa ne da tafireta, kuma ina da rajistar da na riƙa shigar da kowane shafi da ranar da na buga shi. Daga cikinta na tsamo abin da zan faɗa a nan, har da zancen babi na tara, wanda saura kaɗan ya hana littafin fita.

An haife ta a Gagarawa a 1962. Mahaifinta manomi ne, da rani kuma yana ɗinkin hula. Ta gama aji bakwai na firamare, daga nan karatu ya tsaya, sai dai ita ce ke karanta wa matan unguwarsu wasiƙa, ta kuma rubuta musu amsa. Ta gaya mini tun a lokacin ba ta iya barin wasiƙa haka nan. In mace ta ce a rubuta muna lafiya, sai ita ta ƙara da cewa akuya ta haifi biyu, an yi ruwa ranar Talata, don wanda ke nesa ya ji kamar ya leƙo gida. An ɗaura mana aure a 1981, ta tare a Gumel, inda nake aikin akawu a ofishin gona.

Rubutu ya soma ne a 1992, lokacin da littattafan labari da ake kawowa daga Kano suka cika gidaje, mata na musayarsu ta kan katanga. Ta karanta wajen goma. Wata rana ta ajiye wanda ke hannunta ta ce mini, "Malam, duk matan da ke cikin littattafan nan ban ga wadda ta wanke tukunya ba. Wa ke yi musu girki?" Na ce sai ta tambayi masu rubutawa. Ta ce a'a, ita za ta rubuta wanda ake girki a ciki. Washegari ta ɗauki tsohon littafin makarantar babbar 'yarmu, ta juya shi ta baya inda shafuka suka rage, ta fara.

Ba ta da tebur, ba ta da wani lokaci da za a ce nata ne. Daga sallar asuba zuwa hantsi tana kan shara, ɗumamen tuwo, wanke-wanke da sallamar 'yan makaranta. Daga nan sai surfe, wankin gero, shanya, wankin tufafi in ranarsa ce, a ɗora sanwa. Labari kuwa ba ya jiran ta gama. A tsakiyar aiki yake zuwa mata, lokacin da hannu ya jiƙe ko ya yi gari, ba halin taɓa takarda. Dabarar da ta yi ita ce ta ajiye ɗan ƙoƙo na wake a kan katangar madafa. Duk maganar da ta zo mata sai ta maimaita ta sau uku a bakinta, ta ɗauki ƙwayar wake guda ta ƙulle a gefen zaninta. Bayan azahar, in ta sauke tukunya yara sun ci, sai ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ta kwance ƙullin, ta jera waken a gabanta, ta riƙa ɗaukar ɗaya-ɗaya tana rubuta abin da kowace ƙwaya ta riƙe mata.

Na taɓa tambayar ta yadda take gane wannan ƙwaya da waccan, tunda wake duk wake ne.

"Kai fayil-fayil ɗinka na ofis ba duk launinsu ɗaya ba ne?" in ji ta. "Ka taɓa ɓata a ciki?"

Wata rana kaza ta lallaɓo ta tsince huɗu kafin ta ankara. Ta bi ta da tsintsiya har zaure tana cewa ta cinye mata faɗan mata biyu a bakin rijiya. Faɗan bai dawo ba. Wani ta ƙirƙiro, amma har yau tana cewa na cikin kazar ya fi daɗi.

Tafiretar ta Malam Jonah ce, abokin aikina mutumin Pankshin, da ya yi ritaya zai koma gida ya bar mini ita. Ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa, saboda haka in na gama shafi sai na bi shi da biro ina sa musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Asabar da Lahadi da hantsi nake bugawa, kwafi biyu da takardar kabon. In babi ya kammala sai na zauna a kujerar tsakar gida na karanta shi da ƙarfi, ita kuma tana tankaɗe ko yankan kuɓewa tana saurare. In ta ji abin da bai yi mata ba sai ta ce, "Tsaya nan," na sa alama. Haka muke gyara.

Ba ita kaɗai ke sauraro ba. Mahaifiyata, Iya, tana zaune da mu tun 1989, bayan rasuwar mahaifinmu. Bafillatana ce, a ruga ta yi yawancin rayuwarta, tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar. Ba ta iya zama hannu sake. In ba ta kaɗin auduga, tana tsintar wake ko saƙar faifai. Ita da Asama'u wuni suke yi tare, aiki na tafiya hira na tafiya. Iya ba ta yi boko ba, amma ba a taɓa yi wa littafin gyara mai tsanani irin nata ba. Ina karanta babi na huɗu ta ɗago kai ta ce, "Ke Asama'u, matar nan taki tun jiya take daka har yanzu ba ta gama ba? Garin duka za ta ciyar?" Asama'u ta yi dariya har ta zubar da gari, aka rage dakan.

Sai yayana, Hamma. Shi ne ɗan farin Iya. Yana zaune a Maigatari yana harkar shanu, kuma duk Juma'a, bayan an ci kasuwar Alhamis, yakan zo Gumel ya yi salla ya biyo ya gaida ta. Iya ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ake riƙe ta a ruga. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, sai dai ta ce mutumin Maigatari. In ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana gaisuwa, takan amsa a taƙaice, fuskarta na kallon wani gefe. In tana da saƙo gare shi, wani take gaya wa ya faɗa masa, ko da yana zaune a wurin. Da aka yaye shi, kakarmu ta wajen uba ce ta ɗauke shi zuwa rugarta a bayan Ɗanzomo, can ya girma. Ya taɓa ce mini, ba da fushi ba, muna tafiya ne kawai, "Ilu, kai ne mai uwa. Ni kaka aka ba ni." Da ƙafarsa ta hagu a karkace aka haife shi, tana ɗan kallon ciki. Ba ta hana shi komai ba, amma duk wanda ya san shi daga nesa yake gane tafiyarsa.

A tsakiyar 1995 littafin ya kusa kammala, babi goma sha huɗu. Na je Kano na yi magana da wani mai maɗaba'a, ya ce a kawo masa kafin ƙarshen Oktoba, domin daga nan aikin kalanda zai cika masa hannu, sai kuma yadda hali ya yi baɗi. Na nemi hutun Litinin 30 ga wata don in kai. Babi na tara ne kaɗai Asama'u ta riƙe ba ta ba ni ba. Na buga na goma har zuwa na ƙarshe, ina tambaya tana cewa bai nuna ba tukuna. Sai ranar Asabar 14 ga Oktoba ta ajiye mini shi a kan tafireta ta koma madafa.

Ga abin da ke ciki. Jannatu, matar da littafin ke bi, tana da ɗan fari da aka yaye aka kai wa surukarta riƙo a wata ruga mai nisan tafiyar hantsi. Yana da shekara huɗu ƙyanda ta kama shi. A bakin wani matafiyi ta tsinci labarin, yana gaya wa mijinta, ba wanda ya gaya mata, ita kuma ba dama ta tambaya. Zuwa dubiya ba zai yiwu ba, ga kunya, ga shi kamar ta ce ba ta yarda da riƙon surukarta ba. Sai ta ɗauki ƙwaryar nono kamar mai talla, da tsohon ciki, ta kama hanya. Ba ta shiga rugar ba. Ta bi ta hanyar rijiyarsu tana duban ƙasa, tana neman sawun yaro a cikin yashi, domin ta san in ya tashi, bin kakarsa zai yi zuwa ɗiban ruwa. Ba ta gani ba, ta koma gida da nononta. Washegari ta sake zuwa. Haka ta yi kwana tara. Ta san sawun da take nema, saboda lokacin da take shayar da shi ba ta iya kallon fuskarsa a gaban mutane, sai ta riƙa kallon ƙafarsa. Ƙafar hagun tana karkata ciki, in ta taka yashi sai ta bar ɗan zane a gefe kamar bakin lauje.

Da na kai wannan layin na cire hannuna daga tafireta. Na lissafa shekaru a raina, na ga cikin da matar ke ɗauke da shi ni ne. Na ɗauki takardar na tafi madafa. Asama'u na wankin gero.

"Wannan ƙafar ta wane ce?" na tambaye ta.

"Ta yaron Jannatu ce."

"Na san yaron. Jiya ya ci tuwo a gidan nan."

Ta bar hannunta a cikin ƙwarya ba ta ɗago ba. Can ta gaya mini yadda aka yi. A farkon damina, lokacin da autarmu ta tashi daga ƙyanda, suna ɓarar gyaɗar iri ita da Iya, sai Iya ta soma magana idonta na kan faifai. Ta ce akwai wata mata da ta sani a da. Ta ba da labarin daga farko har ƙarshe, ba ta ambaci sunan kowa ba, ta ƙare ta ce a miƙo mata wata gyaɗar. Ranar Asama'u ta ƙulle wake fiye da ashirin.

"Na canza suna, na canza gari," in ji ta. "Har shanun na mai da su tumaki."

"Kin bar ƙafar."

"Ita ce ta ƙi fita."

Na ba ta shawara irin ta akawu. Na ce a mai da yaron mai yatsu shida, sawunsa zai bambanta da na sauran yara, labari ya tafi yadda yake, ba wanda zai gane. Ta gwada. Kwana uku tana juya shi, ta rubuta ta soke, ta sake rubutawa. Ranar Talata da na dawo daga aiki ta karanta mini abin da ta samu, ta ce in faɗi gaskiya. Na ce ya yi. Ta ce bai yi ba, ta sa wa yaron ƙafar aro, uwar ma ba ta gane shi ba.

"Ba ma wannan ne ke damuna ba, Malam," ta ce. "Ko na ba shi yatsu goma, ranar da ka karanta a tsakar gidan nan Iya za ta ji muryarta. Hira aka yi da ni, ni kuma na kai takarda. Na ɗauki abin da ba a ba ni ba."

Na ce to me za ta yi? Ta ce za ta gaya wa Iya. In Iya ta ce a'a, za ta cire babin ta sa shi a murhu, duk kwafin biyun. Na tuna mata babi biyar na ƙarshe duk a kansa suka dogara, in ya fita babu dalilin da zai sa Jannatu ta yi abin da ta yi a gaba, kuma kwana goma sha uku ba sa isa a sake gina rabin littafi. Ta ce ta fi ni sani, ita ta ƙulla waken. Aikin shekara uku ke nan take magana a kai, tana tsaye da muciya a hannu.

Sai da ta yi mako guda tana neman bakin zancen. Ranar Talata 24 ga wata da la'asar, ina gefe ina gyaran sarƙar kekena, Iya na kaɗi a gindin darbejiya, Asama'u ta wanke hannu ta zo ta durƙusa a gabanta.

"Iya, na yi laifi."

"Me kika fasa?"

"Ban fasa komai ba. Labarin matar nan da kika ba ni ranar ɓarar gyaɗa, na sa shi a littafi. Ban tambaye ki ba. Kuma na sa ƙafar."

Mazarin Iya bai tsaya ba. Ta ja zare, ta naɗe, ta sake ja. Ni kuwa na daina motsa sarƙa.

"In kin ce a cire, yau zan cire," in ji Asama'u. "Ba zan ji komai ba."

"Ƙarya kike, za ki ji," Iya ta ce. Ta lashi yatsa ta murza mazari. "A karanta mini tukuna."

"Bari Malam ya ɗauko."

"Yanzu aiki nake. Ranar Juma'a, in an sakko daga masallaci."

Asama'u ta dube ni, ta sake duban Iya. "Iya, ranar Juma'a fa Hamma yana zuwa."

"Na tambaye ki wanda ke zuwa ne?"

A rajistata babu shafi ko ɗaya tsakanin ranar da Juma'a. Asama'u ba ta taɓa ƙoƙon wake ba. Ranar Alhamis tuwo ya kama a tukunya har yara suka yi ta tsokanar ta, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na san girkinta. Ta ce mini ba ta san abin da Iya ke nufi ba. Ko so take ta kunyata ta a gaban babban wa, don ta koyi riƙe baki? Na ce ni ma ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Ranar Juma'a 27 ga Oktoba muka dawo daga masallaci tare da Hamma. Ya kawo man shanu a kwalba kamar yadda ya saba. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Iya, ta amsa da lafiya lau biyu. Muka ci abinci a inuwa. Asama'u ta aika yara gidan maƙwabta. Sai ga Iya ta fito da faifan wake, ta zauna a tabarma ta ba mu baya, ta ce, "Ilu, ina takardar nan? Karanta mu ji."

Hamma ya yunƙura zai tashi ya ba mu wuri. Iya ta ce wa Asama'u, wadda ke tsaye a ƙofar madafa, "Gaya wa mutumin Maigatari rana da zafi, mota ba za ta cika yanzu ba."

Asama'u ta buɗe baki, Hamma ya ce, "Na ji, Malama." Ya koma ya zauna.

Na fara karantawa. Da farko Hamma bai ɗauki abin da wani nauyi ba. Da Jannatu ta dawo da nono a rana ta uku ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan mata ba ta iya talla ba. A kawo ta Maigatari mu koya mata." Ba wanda ya taya shi. Na ci gaba. Da aka ambaci kakar yaron da rijiyar da ke gindin kuka, ya daina dariya. Da na kai inda take kallon ƙafar jariri don ba ta iya kallon fuskarsa, na ga ya janye ƙafarsa ta hagu a hankali ya shigar da ita ƙarƙashin babbar riga. Na tsaya na sha ruwa. Ba abin da ake ji sai ƙarar tsakuwa da Iya ke tsamowa daga wake tana jefawa a gwangwani.

Na karanta rana ta tara, inda Jannatu ta ga ƙananan sawu a gefen na tsohuwa, sun nufi rijiya sun dawo, na hagun da ɗan zanensa. Ta ajiye ƙwarya ta zauna a yashi ta yi kuka, sannan ta tashi ta koma gida. Nan babin ya ƙare. Na jera takardun a cinyata.

Hamma ne ya fara magana, kuma Asama'u ya fuskanta.

"Malama, ni ban yi boko ba, ki yi haƙuri da tambayata. Matar nan, da ta ga sawun, me ya hana ta bin sa? Rugar ai ba nisa daga rijiyar."

Asama'u ta sunkuyar da kai. Wannan ba ya cikin abin da aka ba ta. Iya ta jefa tsakuwa a gwangwani.

"Gaya masa akwai mutane a bakin rijiya," ta ce.

"Akwai mutane, Hamma," in ji Asama'u, da ƙyar ake jin ta.

Iya ta karkaɗa faifai, ta hura ƙaiƙayi. "Gaya masa ta bi. Taku uku ta yi, ta ga ana kallo, ta juyo."

Wannan karon Asama'u ba ta iya maimaitawa ba. Ba a kuwa buƙata. Hamma ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, ya shafa gemunsa da ya fara furfura.

"To," ya ce. "Allah ya saka mata da alheri. Allah ya saka mata."

"Amin," in ji Iya, ga faifan.

Ya tashi ya yi sallama. Na raka shi tasha. Duk hanya zancen farashin harawa da ruwan bana yake yi, ina amsawa. Sai da motar ta cika zai shiga ya riƙe hannuna ya ce, "Shekarata arba'in da biyar, Ilu." Bai ƙarasa ba, ya shiga mota.

Da na dawo gida na tarar da su inda na bar su. Asama'u ta zo ta zauna a bakin tabarma, hannunta a cinya, tana jiran hukunci. Iya ta gama tsintar wakenta tsaf, ta juye a ƙwarya, sannan ta dube ta.

"Kwana goma sha ɗaya ne, ba tara ba. Wa ya ce miki tara?"

"Na ga kamar sun yi yawa ne, Iya."

"Ke kika yi tafiyar? A gyara."

"Za a gyara." Asama'u ta ɗago kai. "Ƙafar fa?"

"A bar ta. Ita kaɗai kika faɗa daidai."

Asama'u ta rufe fuska da gefen mayafinta, tana kuka. Iya ta bar ta ta ɗan yi, sannan ta ce, "To ya isa, ban gama ba. Wannan kukan da kika sa mata a yashi, a cire shi. Ba ta yi kuka ba. Ƙwaryarta ta ɗauka ta yi gaba."

Na riga na ɗauko biro zan sa alama. Asama'u ta share ido ta ɗago hannu ta tsai da ni.

"Iya, kin ce in bar ƙafar, na gode. Kin ce goma sha ɗaya, na karɓa. Amma kukan ki bar mini."

"Na ce miki ba a yi ba."

"Taki ba ta yi ba. Jannatu tawa ce, shekara uku ina tare da ita a madafar nan, na san halinta. In ta ga sawun nan sai ta yi kuka."

Iya ta dube ta daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa saniyar da aka ce mata ta sayarwa ce. Bakinta ya ɗan motsa.

"Ashe ragguwa kika haifa," ta ce. "To, ki riƙe abarki. Tashi ki ɗora mana waken nan, yamma ta yi."

Ranar Asabar na sake buga shafi na sittin da biyu da na sittin da uku, na mai da tara goma sha ɗaya a wurare huɗu, na bi su da biro na sa ƙugiyoyi. Asama'u ta ƙara kwana biyun da aka rage, ta rubuta su tana jiran ruwan wanki ya yi zafi. Ranar Litinin 30 ga Oktoba na naɗe shafi casa'in da takwas a cikin takardar siminti mai tsabta, na ɗaure da zaren da Iya ta kaɗa, na shiga motar Kano.